Ɗango Uku Nawa, Biyu na Malam Ilu

To, ku ajiye wayoyin nan tukuna. Kai mai jar hula, da kai nake. In ɗauka za ka yi ka ɗauka, amma ka daina cusa mini ita a hanci. Kun taso tun daga Gubi, kun hau bas kun hau keke, kun ce malaminku na jami'a ya turo ku wurin Bala mai tahmisi ku ji yadda ake sabunta waƙar mutanen da. Madalla. Amma ɗazu ina jin ɗayanku yana cewa ai abin ba wuya, ka ɗauko baitin tsoho, ka liƙa naka a jiki, ka sa kiɗa a ƙasa, ka tura duniya ta ji. Allah ya shirye ka. Ni ma na taɓa ɗaukar abin haka, sai da wata tsohuwa ta tsinka ni a bainar jama'a kafin na shiga taitayina.

Bari in fara gaya muku mene ne tahmisin, don na ga rabinku a takardar jarrabawa kawai kuka san shi. Mutanen da sukan tsara waƙa baiti-baiti, kowane baiti layi biyu, mu ɗango muke ce wa layin. Mai tahmisi zai zo bayan shekaru, sau da yawa mai waƙar ya daɗe a ƙasa, ya sa ɗango uku nasa a gaba, ya bar biyun mai waƙa su rufe baitin. Sun zama biyar ke nan. Naka ukun dole su ƙare da irin sautin da ɗangonsa na farko ya ƙare da shi, dole su yi tafiya irin tasa, kuma su kai mai sauraro har bakin maganarsa su tsaya cak. Ba ka taɓa masa ko harafi ɗaya. Ba ka kuma fita da ita gaban jama'a sai magadansa sun ji sun ce sun yarda. Ba ni na kafa wannan ƙa'ida ba, tarar da ita na yi.

Aikin farko da Malam Jibo ya ba ni a shagon nan na Ƙofar Dumi shi ne fiƙe alƙalami. Shi ne maigidana, Allah ya jiƙansa, mutum ne gajere mai faɗan tsiya. Zai zube mini karan gamba da 'yar wuƙa, in fiƙe guda goma, ya ɗauka ya gwada a bayan hannunsa, ya karya tara. Daga nan na koma dafa tawada: baƙa da gawayi da ƙaro, a tace a tsumma har sai ba tsaki, ja kuma da garin da yake sayowa a kasuwa yana ɓoyewa a gwangwanin madara kamar wata zinariya. Baƙar ta mai waƙa ce, jar ta mai tahmisi. Duk wanda ya buɗe takarda, ko bai iya karatu ba, zai ga inda tsoho ya yi magana da inda yaro ya sa baki.

Na yi shekaru ina kwafa kafin ya bar ni in tsara ko ɗango ɗaya. Kwafa, haddacewa, rerawa. Kwafa, haddacewa, rerawa. In na ce, “Malam, ni fa ina da nawa a ciki,” sai ya ce, “Riƙe shi, ba zai ruɓe ba.” A wurin kwafar nan ya koya mini kama ɓarnar masu kwafa, don da yawansu barci suke da alƙalami a hannu. Zai shimfiɗa kwafi biyu na waƙa ɗaya, ya sa ni in bi da yatsa har in gano inda wani ya tsallake kalma. Na ƙware a wannan ƙwarai, har in na ji ɗango ya gaza, kafin a kai ƙarshensa kunnena ya riga ya gaya mini. Ina alfahari da kunnen nan, kuma shi ya kai ni ya baro.

Bayan rasuwarsa shagon ya dawo hannuna, aiki kuwa ya yi ta zuwa. 'Yan kasuwar cikin gari da suka tsinci waƙar kakansu a ƙasan adaka, gara ta ci gefenta. Malaman Islamiyya masu son abin da ɗalibai za su rera ranar sauka. Akwai wani malamin firamare, Kirista daga kudancin jiharmu, ya kawo mini waƙar godiya da mahaifiyarsa ta tsara da Hausa a littafin rubutun 'yan makaranta, baiti shida kacal, yana so a faɗaɗa ta don taron tunawa da ita. Na ce masa, “Malam, ni ban san hanyar majami'a ba.” Ya ce, “Ai godiya ce, Malam Bala, ka san hanyar godiya.” Na yi masa, ya dawo da kwandon doya da ƙannensa biyu don su gan ni. Daga baya aka shiga kaset, sannan wani gidan rediyo ya ba ni fili duk mako. Kaina ya yi girma, ba na ɓoyewa.

Aikin da na tara ku dominsa ya zo ne a cikin wata tsohuwar gafaka, jakar fatar nan da ake adana littafi. Wani Alhaji Sani mai sayar da kayan gini ya kawo ta. Waƙar kakansa ce, Malam Ilu, wanda ya rasu tun kafin a haife ni. Malam Ilu mabugi ne, sana'arsa bugun tufafi a kan gungume har su yi ƙyalli, kuma waƙar a kan sana'ar tasa take, da haƙurin talaka, da tsoron Allah. Alhaji Sani ya ce za su yi taron zuri'a bayan Ƙaramar Sallah, yana so a yi mata tahmisi a rera. Na tambaye shi ko ya yarda da duk abin da zan yi. Ya ce, “Malam Bala, ni buhun siminti na sani. Kai ne masani.” Na ɗauki wannan a matsayin izinin magada. Ban tambaya ko akwai wanda ya ji waƙar daga bakin mai ita ba.

Ina buɗe takardun kunnena ya ce akwai matsala. Ɗangon farko na kowane baiti cikakke, na biyu kuwa gajere, ya gaza da gaɓa huɗu. Ku ji ɗaya:

Na daki rigar wani har ta haska,
Tawa tana rataye.

Kun ji yadda na biyun ya dungure? Haka suke tun daga farko har ƙarshe. Na nemi wani kwafin in gwada, babu. Na ce lalle wani malalacin mai kwafa ne ya yi wa bawan Allah aski. Sai na zauna na cike. A nan in sa “babu shakka”, a can in sa “ɗan'uwana”, a wani wurin “ko da yaushe”, har kowane ɗango ya miƙe. Abin da ya fi muni, da baƙar tawada na rubuta cikon, don a ganina mayar masa da abinsa nake yi. Ɗangwayena uku-uku kuma na cika su da Larabci, don a san mai karatu ne ya yi aikin.

Ranar taro an kafa rumfa a ƙofar gidansu bayan la'asar, an jera kujeru, maza a gaba, mata daga ciki ta bakin zaure. Na sha babbar riga, na karɓi lasifika. Na yi baiti na farko, na biyu, na uku, ina jin daɗin muryata. Ina cikin “Babu shakka tawa tana rataye” sai na ga maza suna darewa. Wata tsohuwa ce ta fito daga zaure, ta dogara sanda, mayafinta na jan ƙasa. Goggo Dije ke nan, autar Malam Ilu, ƙanwar mahaifin Alhaji Sani, ita kaɗai ta rage a 'ya'yansa. Ta zo har gabana ta tsaya.

Ta ce, “Kai ɗan nan, wa ya cusa wa ubana magana a baki?”

Lasifikar tana kunne, unguwa duk ta ji. Na ce, “Goggo, gyara ne. Mai kwafa ne ya zubar da—”

Ta ce, “Mai kwafar mijina ne, a gabana ya rubuta, Baba na faɗa masa. Babu shakka! Ubana bai taɓa cewa babu shakka ba.” Ta juya ga Alhaji Sani. “Sani, karɓo mini takardun ubana. Muddin ina numfashi ba mai sake rera ta. Gara ta cinye ta a akwatina ya fi mini wannan.”

Aka zare gafakar daga hannuna. Wallahi na ji kunyar da ban taɓa ji ba, na rasa inda zan sa babbar rigar nan. Ta lungu na bi na dawo shago.

Wannan ita ce muguwar shekarata. Garin nan kun san shi, kafin magariba labari ya kai kowace majalisa. Wa zai ba ka waƙar kakansa bayan an ce kana sa wa matattu magana? Masu gafaka suka ɗauke ƙafa. Filin rediyon ya wuce hannun wani. 'Yan acaɓar bakin layi suka raɗa mini suna, in na fito sai ka ji, “Bala Babu-Shakka, ina zuwa?” Na koma rubuta katin gayyatar biki da allon shaguna, ni da nake rera waƙa gari na saurare. Kuma don taurin kai, watanni ina lissafa gaɓoɓin nan da yatsu ina cewa ni ke da gaskiya, tsohuwa ce kawai ba ta san awon waƙa ba. Amma abin yana cina. Waƙar tana kaina, na haddace ta tsaf, ba ni da ikon buɗe baki da ita. Wadda ta san yadda ake rera ta mutum ɗaya ce a duniya, ga tsufa, ga fushi. In ta tafi a haka, waƙar Malam Ilu ta tafi, sunana kuma ya tabbata a bakin 'yan acaɓa.

Wata safiya, ana saura kwanaki Babbar Sallah, na kai shaddata mabuga a nan bayan layinmu. Layi ya yi tsawo, na samu benci na zauna. Kun taɓa tsayawa kun kalli masu bugu? Ina fa, ku da kuke kai wa mai guga. Mutum biyu ne ke zama suna fuskantar juna, gungumen icce a tsakaninsu, tufa a shimfiɗe a kai, kowa da gudumar icce mai nauyi. Wannan ya sauke, wancan ya sauke, ba mai shiga lokacin wani. Ina zaune ina gunaguni da baitin nan da ya hana ni sakat, ban ma san ina yi ba. Na ce, “Na daki rigar wani har ta haska,” na tsaya haɗiyar yawu. Gudumar na can gefen ta sauka, tim, tim. Bakina da kansa ya ce, “Tawa tana rataye.”

Na sake, ya zauna daram. Na ɗauko baiti na biyu, na goma, na ƙarshe, duk haka. Ashe ba abin da ya ɓace. Gaɓa huɗun da nake nema, bugu biyu ne na abokin aikinsa. Na san mabugi ne, kowa ya sani, waƙar ma ta faɗa, amma ban taɓa kawowa a raina cewa a bakin gungume ya tsara ta ba, guduma a hannu. Ni a tabarma na san ana waƙa. Kuma ku lura da abin da shirun nan yake yi: ya ce ya haskaka rigar wani, sai ya bar ka kana jira, sannan ya gaya maka inda tasa take. Ni kuwa na zo na toshe wurin da “babu shakka”. Kaico!

Mai mabugar wani dattijo ne, Baba Manu. Na gaya masa abin da na gano kamar na tsinci dami a kala. Ko ɗaga kai bai yi ba. Ya ce, “Ban riski Malam Ilu ba. Amma duk mabugin da ke waƙa yana bar wa na gabansa wuri, in ba haka ba ku farfasa wa juna yatsu. Wannan ne ka yi watanni kana nema?” Na ce, “Baba, ba ni guduma.” Ya dube ni sama da ƙasa, ya yi dariya har da tari. Ya ce, “Malam, wannan ba alƙalami ba ce fa.”

Ba alƙalami ba ce kam. Ranar farko ban iya ɗaga hannu na kai loma baki ba. Tafina ya yi bororo, ya fashe, ya sake yi, sannan ya yi kanta. Sau biyu na kusa huda shaddar mutane, Baba Manu ya mayar da ni kan tsofaffin zannuwa. Kullum da safe ina can har rana ta take, sannan in buɗe shago. Tsofaffin ɗangwayena na gwada su a kan bugun, suka ƙi zama. Larabcin da na jibga ya yi musu nauyi, numfashi ba ya kaiwa. Na yaga su gaba ɗaya. Na sake tsarawa a bakin gungume, in ɗango ya zo in riƙe shi a ka har a tashi, in ruga in rubuta da ja. Wanda bai bi guduma ba, ko ya kai zuma daɗi, in jefar. Damina ta wuce, kaka ta wuce, sannan na kai baitin ƙarshe. Biyun Malam Ilu na mayar da su yadda suke, da baƙa, na bar fili fari a gaban kowane gajeren ɗango.

Saura izini. Na aika wa Goggo Dije ta hannun Alhaji Sani, ta ce ba ta san wani Bala ba. Na je da kaina da goro, aka ce tana barci, alhali ina jin muryarta tana yi wa jikoki faɗa. Na haƙura na dawo. Abokai suka ce in rera abina kawai, ai jikan ya yarda, wa zai kai ni ƙara? Na ce a'a. Sau ɗaya na tsallake tsohuwar nan, na ga abin da na gani.

Ran nan da hantsi sai ga Alhaji Sani a kan babur, ko kashe shi bai yi ba. Ya ce, “Malam Bala, in za ka zo ka zo yanzu. Jikin Goggo ya yi nauyi tun shekaranjiya. Na gaya mata kana zuwa mabuga, yau kuma ta ce a kira ka.” Ko hula ban tsaya nema ba.

Na same ta kwance a gadon ƙarfe, ta rame ƙwarai, an tokare ta da matasai. Na durƙusa daga bakin ƙofa na gaishe ta. Ta ce, “Buɗe tafinka in gani.” Na matsa na buɗe. Ta daɗe tana kallon kantar. Ta ce, “Hm. Fara.”

Na fara, ba lasifika, ba babbar riga. In na zo wurin shirun sai in daki gwiwata sau biyu. Baiti na farko ba ta motsa ba. A na biyu na ga yatsunta sun sauka a ƙarfen gado, tim, tim, daidai da nawa. A na uku leɓɓanta suka fara motsi, tana bin ɗangwayen ubanta da 'yar muryar da ta rage mata, ta rufe ido. Na daina dukan gwiwa na bar mata bugun. Haka muka tafi har muka iso baitin da aka tsinka ni a kansa:

Rana ta ɗaga, muna nan da duka,
Gumi yana bin wuya har ya sauka,
Mai kaya na can yana ta shan iska,
Na daki rigar wani har ta haska,
Tawa tana rataye.

Ta buɗe ido, ta ɗaga hannu. “Tsaya! Ka ɓata.”

Na ce shi ke nan, an kuma. “Ina, Goggo?”

“Gumi yana bin wuya. Ka yi sauri a wurin. Baba ba haka yake faɗinsa ba, jan ‘wuya’ ɗin yake yi, don a nan yake ɗaga guduma. Tun ina yarinya nake jin sa.”

Na dubi Alhaji Sani, ya dube ni. Da na so, da na yi shiru na karɓa. Amma na riga na yi wa mutumin nan ƙarya sau ɗaya da baƙar tawada. Na buɗe takardar na nuna mata jan rubutun. Na ce, “Goggo, ki gafarce ni. Wannan ɗangon ba na Malam ba ne. Nawa ne.”

Ta ƙura wa takardar ido, ta ƙura mini.

Ta ce, “Naka?”

Na ce, “Nawa.”

Ta mayar da kai kan matashi, hawaye na bin gefen fuskarta. Ni kuwa, ba zan ɓoye muku ba, duk tsawon shekarun da na yi a sana'ar nan ba a taɓa biyana kamar ranar ba. Can ta ce, “Sani, jawo akwatin nan na ƙarƙashin gado. Ba shi takardun Baba. Ya je ya rera duk inda ya ga dama.” Alhaji Sani ya durƙusa yana jan akwati, ita kuma ta nuna ni da yatsa. “Amma kai, naka ne ko ba naka ba, ka ja ‘wuya’ ɗin nan yadda na ce.”

Kwana tara ta ƙara a duniya. Har yau haka nake jan sa.